Sa'idu Muhammad Gusau, malamin da ya bi sawun makaɗa da alƙalami

Ranar kasuwa a Madawa ko a Tamaske, da wuya mutum ya ratsa rumfunan tela da teburan masu shayi bai ji muryar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo ko ta Shata ba. Da can a kaset ake jinsu, yau kuwa a cikin salula suke, amma muryoyin su ne dai. Akwai dattawa a Buza da Keita waɗanda za su iya kawo waƙa guda daga gindinta har ƙarshenta ba su yi tuntuɓe ba. Sai dai in aka tambaye su wane ne uban makaɗin, a wane gari aka haife shi, wa ya koya masa riƙon kotso, nan zance yake tsayawa. Wannan giɓi shi ne wani malami na Jami'ar Bayero ta Kano, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ya ba rayuwarsa domin ya cike.

A ƙasashen Turawa rubuta tarihin mawaƙi sana'a ce da mutum yake ci da ita. Wani ɗan jarida na Ingila, Hunter Davies, ya fitar da tarihin ƙungiyar Beatles a 1968, suna tsakiyar tashensu. Peter Guralnick na Amurka ya rubuta rayuwar Elvis Presley, sarkin kiɗan rok, cikin littafi biyu, a 1994 da 1999. Ko Fela na Legas ya samu nasa a 1982, da Faransanci, daga hannun Carlos Moore. To amma waɗannan marubuta sun tarar da hanya a share. Mawaƙinsu yana da takardar haihuwa, yana da yarjejeniya da kamfani mai sa hannu, kowane faifai da shekararsa a jiki, jaridu kuma sun ajiye abin da ya faɗa mako mako. Mai bin tarihin makaɗin Hausa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake da shi bakin mutane ne, su kuwa mutane mutuwa suke yi.

Malam Sa'idu mutumin Gusau ne, a ƙasar Zamfara, watau ya tashi a tsakiyar ƙasar da ta fi kowace haifar makaɗan fada. Ya yi aikinsa na koyarwa a sashen harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero, inda ya kammala digirinsa na dakta a 1988 a kan waƙoƙin makaɗan fada, sigoginsu da yanaye-yanayensu. Abin lura shi ne da Hausa ya rubuta kundin, kuma da Hausa ya ci gaba da rubuta littattafansa. Masu ilimi da yawa sun yi bincike a kan makaɗa kafin shi, kamar Ɗandatti Abdulƙadir wanda ya yi nasa digirin a kan Mamman Shata a Amurka a 1975, amma da Turancin Ingilishi, harshen da makaɗin kansa da yaransa ba su karantawa.

Littafin da ya fi kai sunansa nesa shi ne Makaɗa da Mawaƙan Hausa, wanda aka buga a Kaduna a 1996, aka sake bugawa a Kano daga baya. A cikinsa ya jero makaɗa rukuni rukuni, kowane da tarihinsa: asalinsa da garinsu, yadda ya soma kiɗa, ko gado ya yi ko haye, irin kayan kiɗansa, yaran da suke yi masa amshi, iyayen gidan da ya zauna ƙarƙashinsu, sa'an nan wasu daga waƙoƙinsa. Mai karatu zai ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Ba haka ba ne. Kafin a rubuta layi guda da ke cewa an haifi wane a gari kaza wajejen shekara kaza, sai an je garin, an sami tsohon da ya san gidan, an auna maganarsa da sarautar wani sarki ko da wata yunwa da kowa ya tuna, domin da irin waɗannan ne talaka yake ƙidayar shekarunsa. Shi ya sa shekarun haihuwar tsofaffin makaɗa suke zuwa da "wajejen" a gabansu, kuma marubuta sukan saɓa a kansu.

Amfanin wannan wahala yana bayyana in aka ɗauki Ibrahim Narambaɗa. Mai sauraro ya san Bakandamiya, ya san waƙar dokin nan Ɗanfilinge. Amma sai ya san cewa makaɗin mutumin Tubali ne, makaɗin kotso na fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, sa'an nan zai gane dalilin da ya sa Gobir take cike da bakinsa, ya kuma gane cewa habaicin da yake ji ba iska ake jifa ba, akwai ƴan sarki masu neman gadon sarauta da ake nufi, kuma duk wanda yake fada a ranar ya san su. Ga mutumin Madawa wannan ba labarin baƙi ba ne. Gobir ɗin da ake kira a waƙar ita ce tasa, iyakar da Faransa da Ingila suka ja ta raba gwamnati ne kawai, ba ta raba kirari ba. Haka Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991: wanda bai san ya gaji kiɗa daga ubansa Usman Ɗankwanda ba, bai san ya fito daga kiɗan noma kafin ya shiga fada ba, zai yi mamakin yadda gona da ƙwazon aiki suke yawan shigowa cikin yabon da yake yi wa masu mulki.

A 2002 malamin ya keɓe littafi guda ga mutum guda, Salihu Jankiɗi Sarkin Taushi, makaɗin fadar Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda ya rasu a 1973. Kusan shekara talatin ke nan tsakanin rasuwar makaɗin da fitowar littafin, saboda haka abin da ya rage na shaida shi ne iyali, da sauran yaran kiɗa, da abin da gidajen rediyo suka ɗauka. Nan ne kuma rauni irin na wannan aiki yake. Ɗa ba ya faɗin aibin ubansa, yaron makaɗi ba ya tona abin da ya raba ubangidansa da wani sarki, kuma marubucin da aka karɓa da tabarma da fura kunya takan kama alƙalaminsa. Marubutan Turawa sun yi suna wajen tonon asiri har ya wuce kima; namu na Hausa sun fi karkata ga sakaya. Mai karatu mai hankali zai riƙa tuna wannan in ya ga rayuwar makaɗi ta tafi sumul, babu faɗa babu kora, alhali kuwa zambon da ke cikin waƙoƙinsa yana nuna an sha gwagwarmaya.

Bai tsaya ga tarihi kaɗai ba. Tun 1993 ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka, inda ya shimfiɗa hanyar da ɗalibi zai bi ya feɗe waƙa, da kalmomin da aka ɗebo daga bakin makaɗa da rayuwar Bahaushe. Babban saƙon waƙa ya kira shi turke, kamar turken da ake ɗaure doki ya yi ta kewaya bai rabu da shi ba. Abin da ake komawa gare shi bayan kowane zagaye shi ne gindin waƙa, rassan da suke fita daga gare shi su ne ɗiya. Kuma a cikin wannan hanya, sanin tarihin makaɗi yana cikin matakan farko, kafin a taɓa salo. Waƙoƙin Baka a Ƙasar Hausa ya biyo a 2008, sa'an nan daga 2009 ya shiga fitar da Diwanin Waƙoƙin Baka juzu'i bayan juzu'i, inda ake juyar da waƙoƙin daga kaset zuwa takarda. Wannan ma aiki ne mai cin rai, domin Hausar Sakkwato da Zamfara ce, ta tsofaffi, cikin ƙarar kotso da amshi, kuma kalma guda in aka ji ta ba daidai ba takan juya yabo ya koma zagi. Ɗalibin Adar ko na Gobir Tudu yana da sa'a a nan: yawancin kalmomin da ɗalibin Kano zai nemi a fassara masa, shi a bakin kakarsa ya ji su.

Wasu ma sun bi wannan hanya ta wata fuska. A 2006, shekara bakwai bayan rasuwar Mamman Shata, ɗan jarida Ibrahim Sheme tare da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka fitar da Shata Ikon Allah!, littafi mai kauri wanda ya fi kusa da irin na Turawa, domin ya bi mutum guda daga Musawa har kabarinsa a Daura.

Saura wannan gefe na iyaka. Mafi yawan makaɗan da littattafan nan suka ɗauka na Sakkwato ne da Zamfara da Kabi da Katsina da Kano, kuma ba laifin marubutan ba ne, kowa ƙofar gidansa yake fara sharewa. Nijar ba ta rasa masu bincike ba. Cibiyar tattara al'adun baka da aka kafa a Yamai a 1968 ta ɗauki muryoyi masu yawa, Muryar Sahel tana da nata taskar, Mahaman Garba ya yi digirinsa na dakta a Faransa a kan kiɗan Hausawan Nijar, Djibo Hamani kuma ya nuna tun 1975, cikin littafinsa na tarihin Adar, irin abin da ake iya ginawa da bakin dattawan wannan yanki. Amma galibin wannan aiki da Faransanci yake, kuma a ɗakunan ajiya na Yamai yake kwance. Ɗan Gurmu na Tawa, ƙasa ta girmama shi har ta sa wa gasar kiɗa sunansa. Duk da haka matashin da zai nemi littafin Hausa a kasuwar Tawa wanda zai gaya masa wane ne mutumin, zai sha yawo. Haka zancen yake ga Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram da Mamman Gawo Filinge, balle makaɗan da sunansu bai taɓa wuce kwarin Majiya ba: makaɗan fadar sarakunan gargajiya, da na kokowa, da na gayya, da zabiyoyin da suke raka amare a Karofane da Garhanga da Bangi.

Masu karatun suna nan, tun da an soma koyarwa da Hausa a makarantun gwaji a Damagaram a 1973, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Kayan aikin ma ya yi arha: abin da Malam Sa'idu ya yi da rakoda da batir, yau kowane malamin lakkol yana da shi cikin aljihu. Tambayoyin kuwa suna nan a jere cikin littafin 1996. Wanda ya fi cancanta a fara yi wa su ba ma shi makaɗin ba ne, in ya riga ya kwanta dama. Tsohon ɗan amshinsa ne, wanda ya ɗauki ganga ya bi shi gari gari, ya san wace waƙa aka yi a wace fada, da abin da aka bayar, doki ko riga, da dalilin da ya sa ba a sake komawa can ba.