Motar kara a Jiratawa, motar LEGO a Billund

Da zarar an yanke hatsi da dawa a karkarar Maraɗi, aikin ƙera motoci ya kankama ke nan a hannun yara. Su zaɓi kara mai kauri, su feƙe ɓawonsa sili-sili, su yanyanka totuwar ciki, su riƙa soka wannan cikin wancan har mota ta tashi da ƙofofinta da wurin zaman direba. Taya kuwa daga sakaina ake fafe ta, ko daga tsohon silifa. Waɗanda suka ɗan tasa sun wuce kara, sun koma ga gwangwanin madara da langa-langa da waya, suna ɗaure gaɓoɓi da tsohuwar robar tiyub.

A Jiratawa, kamar a Tibiri da unguwannin Maraɗi, yaro abin da idonsa ya saba gani yake ƙerawa: adaidaita sahu, amalanke, da manyan motocin kaya masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya. Abin da ya fi burgewa shi ne sitiyarin. Doguwar waya ce ta taso daga tayoyin gaba har zuwa hannun mai motar, in ya murɗa ta dama mota ta yi dama. Wannan aikin injiniya ne na sosai, kuma ba a aji aka koya masa ba. Sai dai akwai iyakar da motar kara da ta waya ba su cika tsallakewa ba. Tura su ake yi. Babu wata hanya a cikinsu da ƙarfi zai bi daga inji ya isa taya, balle a rage gudunsa ko a ƙara.

Daga wannan iyakar ne wani wasa na ƙasar Denmak ya ɗora. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a garin Billund a 1932, kamfanin da ya zama LEGO. A 1958 aka yi rajistar bulon roba mai ƙusoshi a sama da bututu a ƙasa, wanda ke kama ɗan'uwansa tsam, kuma a ɓalle shi ba tare da ya lalace ba. A 1977 kamfanin ya fito da jerin da daga baya aka sa wa suna Technic: sanduna masu ramuka, aksul mai siffar gicciye, ƙananan turaku na haɗi, da faifai masu haƙora. Cikin akwatunan farko har da ƙashin mota ba gangar jiki, mai sitiyari da fistan masu hawa da sauka in an tura ta.

Sirrin abin duka ma'auni ne guda. Daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne, a kowace sanda, a kowace shekara aka yi ta. Saboda haka abin da aka saya yau yana shiga cikin wanda aka saya shekaru arba'in da suka wuce. Kara ba shi da wannan. Kowane kara da kaurinsa, kowace waya da taurinta, shi ya sa yaro zai yi mota mai kyau yau, gobe ya kasa maimaita ta daidai, abokinsa ma ba zai iya ɗaukar rabin aikin ya ƙarasa a gidansu ba.

A kan wannan ma'aunin aka gina lissafin haƙora, kuma nan ne daɗin abin yake. Faifan da aka fi amfani da su masu haƙora 8 ne, da 16, da 24, da 40. In ƙarami mai 8 yana juya mai 24, sai ya zagaya sau uku kafin babban ya zagaya sau ɗaya. Gudu ya ragu kashi uku, ƙarfin murɗawa ya ninku uku. A jera irin wannan haɗin sau biyu, a samu tara. Duk mai keke ya san haka a cinyarsa, domin in ya mayar da kaca kan babban faifan baya, hawan tudu yakan yi sauƙi amma tafiya ta yi jinkiri. Giya ta ɗaya a motar kaya ba wani abu ba ne illa wannan. Akwai ma wata ƙa'ida da ɗan firamare zai iya riƙewa: a haɗa haƙoran faifai biyu, a raba da 16, abin da ya fito shi ne tazarar ramukan da za a sa tsakaninsu. Mai 8 da mai 24 sun ba da 32, tazara biyu ke nan. Mai 8 da mai 40 sun ba da 48, tazara uku. Yaron da ya gwada wannan da hannunsa, ya ga haƙora sun ƙi cizon juna don ya kuskure rami ɗaya, ba zai sake tambayar amfanin rabawa ba.

Sai matsalar kwana. Idan mota ta sha kwana, tayar waje tana cin hanya fiye da ta ciki. Motar da ke da faɗin mita ɗaya da rabi tsakanin tayoyinta, in ta juya ta fuskanci inda ta fito, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da kusan mita biyar. Motar waya ba ta san wannan damuwa ba, haka ma amalanke, domin kowace taya sake take a kan aksul, tana juyawa yadda ta ga dama. Ranar da aka ce inji ɗaya ne zai juya tayoyin biyu, ranar rigima ke tashi: in an ɗaure su tare, ɗaya sai ta ja ƙasa. Maganin shi ne tulun nan da ke tsakiyar aksul ɗin baya na mota, inda farfela ke shiga, wanda ke raba juyi tsakanin tayoyi gwargwadon bukatar kowace. A mota ta gaske yana rufe cikin ƙarfe da baƙin mai, yaron gareji zai daɗe kafin ya ga cikinsa yana aiki. Na LEGO a buɗe yake, da ƙananan faifai uku masu haƙoran gefe. Mutum ya riƙe taya ɗaya, ya ga ɗayar ta ninka gudu a gaban idonsa.

Sitiyari ma da nasa lissafin. Tayar gaba ta ciki dole ta fi ta waje karkata, tunda da'irarta ta fi ƙanƙanta. Wani maƙerin keken doki a birnin Munik, Georg Lankensperger, shi ya warware wannan, aka yi rajistarsa a Ingila a 1818 da sunan wakilinsa Rudolph Ackermann, kuma da sunan wakilin aka san tsarin har yau.

Masu sha'awar ƙera motocin Technic a duniya, yawancinsu manya ne masu iyali, ba su tsaya ga bin littafin da ke cikin akwati ba. Nasu suke zanawa. Sukan fara da taya, domin ita ce ba a iya ragewa ko ƙarawa: tayar babbar mota mai tsayin kusan mita ɗaya, in za a wakilce ta da tayar roba mai milimita 62, to duk motar za ta zama kusan kashi ɗaya cikin 16 na girman ta gaske, kuma da wannan za a auna tsawo da faɗi. Sannan a gina ƙashi, a gwada giya da sitiyari da sifirin, gangar jiki ta zo daga ƙarshe. Aikin gini ne da rushewa. Faifai su yi ta ƙaras-ƙaras don sanduna sun buɗe, a warware, a ɗaure su da wata sanda a karkace bisa ƙa'idar uku, huɗu, biyar da magina ke fitar da kusurwar ɗaki da ita. Akwai manhajojin kwamfuta na kyauta, irin su LDraw da aka fara a 1995 da Studio na BrickLink, waɗanda mutum zai zana mota sukutum a cikinsu ba tare da ya mallaki bulo ko ɗaya ba.

Kamfanin LEGO kansa ya nuna iyakar abin a 2018, da ya gina Bugatti Chiron mai girman ta gaske da gutsattsarin Technic sama da miliyan ɗaya da ƙananan injunan lantarki 2,304, direban tsere Andy Wallace ya tuƙa ta da gudun kusan kilomita 20 a awa. Ƙaramar da aka sayar a akwati mai gutsattsari 3,599 ce, da giya takwas, a kan wajen Yuro 370, wato sama da jika 240 na sefa.

Wannan farashin ya isa ya sa magidanci a Jiratawa ya kau da kai, kuma da gaskiyarsa. Amma ba wannan akwatin ake bukata ba. Yaron da aka ba Bugatti da littafinta, ya bi shafi bayan shafi, biyayya ya koya fiye da ƙira. A wannan fannin ɗan motar kara ya riga shi nisa, domin shi ya kalli mota a kan hanya, ya riƙe siffarta a ka, ya nemo kayan aiki a bola, ya warware matsalarsa da kansa. Abin da ya rage masa kaɗan ne: faifan haƙora, aksul, sanduna masu ramuka, da ƙaramin inji mai batir. Tunda wa'adin rajistar bulon ya ƙare tuntuni, wasu kamfanoni na yin irinsu masu shiga juna da araha, ana kuma samun na hannu. Kwano guda na irin waɗannan zai ishi aji, muddin ana ƙirga su bayan darasi, ana rufe su saboda ƙurar hunturu mai cin haƙora, ana kuma nisanta su da ƙananan yara masu kai komai baki.

Kuma ba don wasa kaɗai ba. Jiratawa gari ne da ke rayuwa a kan injuna. Filin noman rani da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, mai faɗin sama da kadada 500, da famfo yake shan ruwa, daga nan zogale da kayan lambu ke fita zuwa kasuwannin Maraɗi. Injin niƙa, injin ban-ruwa, babur da adaidaita, dukkansu bel ne da kaca da haƙora, kuma kowanne na jiran wanda ya fahimci dalilin lalacewarsa, ba mai canza ƙarfe da ƙarfe kawai ba. A Maraɗi akwai makarantar fasaha ta Dan Kasawa, akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Hanyar ma ba baƙuwa ba ce ga ɗan ƙasar Hausa: Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, daga kwalejin fasaha ta Birnin Kabi ya wuce Detroit, ya zama cikin masu zanen motoci na General Motors, kuma shi ya zana siffar Chevrolet Volt da aka fara nunawa a 2007.

Kira a nan ga malaman lakwal da iyayen yara ne. Malamin lissafi ya bar yara su shigo da motocinsu aji, a auna taya, a lissafa sau nawa za ta juya daga ƙofa zuwa allo. Ɗaliban jami'a da na makarantar fasaha su ware yammacin Asabar su leƙa makarantun Jiratawa da Tibiri da kwanon haƙora a hannu, su ce a gina amalanke mai birki ko famfo mai juyawa. Uba kuma in ya tarar da ɗansa a gindin katanga yana lanƙwasa waya, kada ya kore shi da sunan ɓata lokaci, ya tsuguna ya tambaye shi yadda sitiyarin ke aiki.