Furen Dajin Da Ke Riga Ganyensa Fitowa

A ƙarshen bazara, sa'ad da hadari ya soma haɗuwa, mai ratsa dajin da garma ba ta taɓa shiga ba yakan ga wani siririn kara ya huda ƙasa, tsawonsa kamu ɗaya ko biyu, ba shi da ganye ko guda, sai furanni masu jan da ya sirka da shuni. Masana tsirrai suna kiran jinsinsa Yulofiya. Danginsa a duniya sun haura 25,000, galibinsu a kan itatuwa suke maƙalewa, amma shi a ƙasa yake.

Furen ɓangare shida ne. Uku na baya sirara, biyu masu faɗi, na shida kuwa ya zazzago kamar leɓe, da ɗan aljihu a gindinsa. Nan ƙwaro ke sauka, garin furen ya manne masa a dunƙule, ya kai wa wani. Sai ruwa ya zauna ganyen ke biyowa, dogo mai naɗi kamar kabar da ba ta buɗe ba. A ƙasa saiwarsa curi-curi ce kamar rizga, a jere, kowace damina ta ƙara ɗaya.

Malamai sun san ɗan'uwansa a littattafan ɗibbu. Shi ne husas sa'alabi da Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya ambata. Da garin saiwarsa ake dama sahlab a Masar da Turkiyya. Tonon ya yi yawa, har Turkiyya ta hana fitar da shi.

Ga abin da ya kamata mai tono ya kawo kasuwar Talata Mafara ya sani. Irinsa ƙura ne, ba guzuri a cikinsa kamar na gero. Ba ya tsira sai ya gamu da wata fumfuna ta cikin ƙasa wadda za ta ciyar da shi, sa'an nan ya yi shekaru kafin ya yi fure. Saboda haka ba a shuka shi yadda ake shuka albasa. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 aka share daji mai yawa tsakanin Maradun da Mafara da Bakura domin noman rani, saurar da ta rage kaɗan ce. Wanda ya tone jerin saiwar duka ya ƙarar da shi a wurin. Wanda ya bar curin ƙarshe, mai toho, ya mayar da ƙasa, zai same shi baɗi.