Bayani A Kan Zaɓen Agogon Hannu Mai Sauƙin Kuɗi Ga Mai Siririn Hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya rana da wata su zama ma'aunin lokaci ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a sani cewa akwai maza da yawa waɗanda Allah Ya halitta da siririn wuyan hannu. Irin wannan mutum yakan tara 'yan kuɗinsa da wahala, ya tafi kasuwa, mai tebur ya ɗaura masa agogo kamar faifai, ya ce masa shi ake yayi. Kafin mako ya zagayo agogon ya dame shi, yana juyawa zuwa cikin hannu, yana sarƙe hannun riga, yana bugun ƙyaure da bango. Ƙarshenta sai a jefa shi cikin akwati, kuɗi sun tafi, bukata ba ta biya ba. Wannan hasara kuwa ana iya kauce mata in an kiyaye sharuɗɗa biyar.

Sharaɗi na fari shi ne awo. Mai saye ya sami tef na tela, ko zare, ya zagaya shi a wuyan hannunsa sama kaɗan da ƙashin nan da ya turo, kada ya matse, kada ya sassauta. In zare ne, sai ya shimfiɗa shi bisa rula. Kadan awon ya kama daga santimita 15 zuwa 16 da rabi, watau inci 6 zuwa 6 da rabi, to, hannunsa yana cikin sirara. Abin da ya dace da shi agogo ne mai faɗin fuska milimita 34 zuwa 38. Sa'an nan akwai awo na biyu wanda mutane ba su cika kula da shi ba, alhali kuwa ya fi na farin muhimmanci, shi ne tsawon agogon tun daga kunnuwansa na sama har zuwa na ƙasa, inda ake maƙala igiya. Ƙa'ida ita ce kada kunnuwan nan su zarce faɗin hannu, su tsaya a iska. Ga siririn hannu, kada tsawon ya shige kamar milimita 45. Har ila yau a duba kauri, domin agogo mai tudu shi ne ke hana hannun kaftani sauka, shi ne kuma ke rinjaya gefe.

Wani yakan ji kunya, ya ce ƙaramin agogo na mata ne. Wannan magana ba ta da tushe. Maza sun rungumi agogon hannu ne bayan Yaƙin Duniya na Farko, na 1914 zuwa 1918, domin sojoji sun ga ya fi na aljihu sauƙin dubawa. Tun daga zamanin nan har shekarun 1960, galibin agogunan maza ba su shige milimita 33 zuwa 36 ba, su ne kuwa alƙalai da hakimai da manyan attajirai suka ɗaura ba wanda ya raina su. Yayin manyan aguguna masu milimita 42 zuwa sama ya yawaita ne wajen shekarar 2000. Yayi kuwa baƙo ne, yau ya sauka, gobe ya yi sallama. Daidai ruwa daidai tsaki.

Sharaɗi na biyu shi ne sanin abin da ke tafiyar da agogon. Iri biyu ne. Akwai mai inji, wanda ake murɗa masa 'yar kusa kowace safiya, ko kuma motsin hannu ya riƙa ɗaura shi da kansa. Akwai kuma mai batir, wanda ɗan tsinken ƙanƙarar dutse ke kaɗawa a cikinsa, a galibi sau 32,768 cikin daƙiƙa guda, da wannan kaɗawa yake ƙidayar lokaci. Kamfanin Seiko na ƙasar Japan shi ya fara fitar da irin wannan kasuwa ran 25 ga Disamba, 1969, kuɗinsa a lokacin yen 450,000, kusan kuɗin mota. Yau ga shi ya zama mafi araha duka. Mai batir kuskurensa bai cika shige rabin minti a wata ba. Mai inji mai sauƙin kuɗi kuwa yana iya yin wannan kuskure a yini guda, in an ajiye shi kamar sa'a 40 sai ya tsaya, kuma yana bukatar wanki da mai wurin mai gyara bayan 'yan shekaru, balle a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Saboda haka wanda aljihunsa bai da nauyi, mai batir ya fi masa rufin asiri.

Ga misalai uku da aka sani. Casio F-91W, wanda aka fara yi a 1989, mai nuna lokaci da lambobi ne, faɗinsa kamar milimita 35, kaurinsa 8 da rabi, nauyinsa giram 21 kacal, batirinsa yakan kai shekara bakwai, yana kuma da ƙararrawa wadda za ta tashi mutum da asuba ko lokacin sahur. Casio MQ-24 mai hannuwa ne, faɗinsa shi ma kamar milimita 35, lambobinsa a fili, ya dace da dattijon da bai saba da dannedanne ba. Wanda kuwa ransa ya fi kwanta wa mai inji, ya nemi ƙananan Seiko 5 masu milimita 37. Wannan zuriya ta aguguna ta faro tun 1963, masu gyara sun san cikinta sarai, amma ta fi biyun farko kuɗi da kauri.

Sharaɗi na uku shi ne igiya da ruwa. Musulmi yana taɓa ruwa sau biyar a yini ko fiye. Wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu farilla ne cikin alwala, cuɗawa kuma wajibi ce a mazhabar Imamu Malik. Don haka tilas a kwance agogo ko a gusar da shi, ruwa ya game fatar da ke ƙarƙashinsa, kada a bar lam'a. Igiyar fata tana da kyan gani, amma ruwan alwala da gumin bazara sukan ruɓar da ita cikin 'yan watanni. Ta roba ko ta baƙin ƙarfe mara tsatsa ta fi jurewa. In sarƙa ce, kada a bar wurin ciniki sai an kai wa mai gyara ya cire 'ya'yan da suka yi yawa. In mai huji ce kuma hujin bai kai ba, baduku ya ƙara ɗaya. Ma'aunin ɗauri shi ne ƙaramin yatsa ya iya shiga tsakanin igiya da fata. Faɗin igiya milimita 18 ya wadatar. Game da lambobin da ake rubutawa a bayan agogo, 30M ma'anarsa yana jure fantsama da yayyafi kaɗai, ba a nutsa shi cikin ruwa. Wanda ke son na wanka da iyo sai ya nemi 100M.

Sharaɗi na huɗu shi ne tsare shari'a. Zinariya haram ce ga maza, kamar yadda alharini yake, duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san hanin da ya zo a kan zoben zinariya. Agogon da aka yi wa ruwan zinariya malamai sun yi magana a kansa, barinsa ya fi kuɓuta, ga shi kuma launin yakan koɗe ya bar tabo a hannu. Haka nan cin bashi domin sayen agogon da za a nuna wa mutane ƙofa ce ta riya da almubazzaranci.

Sharaɗi na biyar shi ne tsoron jabu. Duk agogon da ya yi suna an kwaikwaye shi. Kadan kuɗin ya faɗi ƙasa ƙwarai da abin da aka sani, a yi hattara, araha ba ta ado. A dubi rubutun fuska da na baya, na jabu yakan karkace ko ya dusashe. Shi F-91W, in aka danne maɓallinsa na dama daƙiƙa uku, sunan kamfanin yakan fito a fuskarsa, ko da yake wasu masu jabu sun koyi wannan ma. Mafi aminci shi ne a tafi da wanda ya san kaya, a saya wurin mai shago zaunanne wanda za a iya koma wa, a kuma yi sharaɗin mayarwa in aibi ya bayyana.

Daga ƙarshe, a tuna agogo bara ne, rana ita ce asali. Shari'a ta rataya lokutan salla ga fitowar alfijir da karkatar rana da tsawon inuwa da faɗuwarta. Nijeriya duka agogonta ɗaya, amma rana tana riga faɗuwa a Maiduguri kafin Sakkwato da kimanin rabin sa'a, domin tazarar da ke tsakaninsu daga gabas zuwa yamma. Wanda ya ɗauki jadawalin wani gari ya sha ruwa da shi a garinsa yana iya ɓata azuminsa, kome tsadar abin da ke hannunsa. Kowa ya bi jadawalin garinsa da ladanin masallacinsa, ya riƙa daidaita agogonsa da rediyo ko waya lokaci lokaci. Amfanin agogo yana bayyana ranar hadari da ranar hazo, sa'ad da inuwa ta ɓace, da kuma wajen cika alkawari, gama wanda ya ce zai zo ƙarfe huɗu ya zo ƙarfe biyar ya ci haƙƙin ɗan'uwansa.

Allah Ya sa albarka cikin lokutan Musulmi, Ya kiyashe su daga hasarar dukiya da ta rayuwa. Tammat bi hamdillahi.