Rumbun Tudu: Ina Bayananmu Za Su Kwana Ranar da Kwara ta Cika?

Manomin shinkafa a ƙasar Zagga da Bagudo ba ya gina rumbunsa a cikin fadama. Gona tana bakin Kwara, amma irin shuka yana can kan tudu, wani lokaci ma a gidan ɗan'uwa a wani ƙauye. Damunar 2020 ta nuna hikimar haka, lokacin da ambaliya ta shanye gonakin shinkafa a jihar Kebbi, ta karya gadoji, ta raba garuruwa da juna, kuma ƙaramar hukumar Bagudo na cikin waɗanda suka ji jiki. Wanda irinsa ya tsira ya yi noman rani. Wanda ya haɗa komai wuri guda sai da ya koma neman bashi.

Yau akwai wata dukiyar da ba a auna ta da mudu: rajistar marasa lafiya a asibiti, sakamakon ɗalibai, jadawalin albashi, lissafin ƙungiyar manoma, da takardun masu fiton kaya ta iyakar Tsamiya zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin. Sannu a hankali duk suna komawa cikin kwamfuta. Babbar kwamfutar da ke riƙe da su, wadda sauran ke ɗiba daga gare ta, ita ake kira saba. To, ita sabar, ina rumbunta na tudu?

A da, amsar tana da tsada. Duk sabar ƙarfe da ke aiki sai an saya mata tagwaiyarta an ajiye a wani gari, tana zaune ba aiki. Sabar manhaja ce ta sauƙaƙa lamarin. Dabarar ta daɗe, domin kamfanin IBM ya fara ta tun shekarun 1960, sannan VMware, wanda aka kafa a 1998, ya kawo ta kan injinan da kowa ke iya saye. Inji ɗaya ake rabawa kamar gidan haya: ɗakin albashi daban, ɗakin rajista daban, kowane yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta. Manhajar da ke rabon, irin su Hyper-V ko Proxmox, ita ce wakilin mai gida. Babban alfanun shi ne kowane ɗaki, da kayansa da tsarinsa, ya zama fayil. Ana iya kwafe shi, a tura ta intanet, a tayar da shi a kan wani injin ko da ba ƙirarsu ɗaya ba.

Kafin a sayi ko da waya guda, tambaya biyu shugabannin ma'aikata za su amsa, domin ba aikin injiniya kaɗai ba ne. Ta farko: aikin awa nawa za mu iya jure asararsa? Idan sau ɗaya ake kwafi, da tsakar dare, kuma ruwa ya shigo da la'asar, duk abin da aka rubuta tun safe ya tafi. Ta biyu: awa nawa za mu iya zama ba aiki kafin a farfaɗo? Jadawalin albashi zai jira kwana biyu idan wata bai yi nisa ba. Rajistar ɗakin haihuwa ba za ta jira ba. Gwargwadon yadda ka matse waɗannan lokuta, gwargwadon kuɗin da za ka kashe. Shi ya sa ake jera ayyuka daki-daki, a san wanda za a fara tayarwa. Sau da yawa sabar da ke tantance sunan ma'aikaci da kalmar sirrinsa ce kan gaba, domin in ba ta tashi ba babu mai shiga sauran.

Sai zaɓen wuri, inda aka fi yin kuskure. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Wasu abokan cinikinsa sun rasa komai, saboda kwafin ajiyarsu yana harabar da ta kama wuta. A Satumban 2025 ma batiri ya tayar da gobara a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ɗaruruwan ayyukan gwamnati suka tsaya, rumbun fayilolin ma'aikata da ba a yi wa kwafi ba ya salwanta. In gemun waɗannan ya kama wuta, mu me muke jira?

Nisa kaɗai bai isa ba. Dole wuri na biyu ya zama ba kogi ɗaya suke sha da na farko ba, ba layin lantarki ɗaya ba, ba hanyar sadarwa ɗaya ba. Birnin Kebbi ta yi wa Zagga nisa, amma gobarar da ta tashi a tashar rarraba wutar Birnin Kebbi a Satumban 2023 ta jefa yankin cikin duhu gaba ɗaya. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka kasa biyan bukatar jama'a. Wanda ya ajiye kwafinsa a Turai kaɗai, ran nan sai kallo. Akwai zaɓi a cikin gida: hukumar Galaxy Backbone tana da cibiyar bayanai a Abuja, da wata a Kano da aka buɗe a Janairun 2023. Ajiya a gida tana kuma sauƙaƙa bin Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙetare. Segbana kusa take, amma wata ƙasa ce da wata doka.

Ƙarfin intanet ma sai an yi masa lissafi. Sabar da ke ɗauke da gigabayit 50, a layin megabit 10 cikin daƙiƙa, za ta ci kusan awa 11 kafin ta ƙetare, in layin bai yanke ba. Masu dabara sukan ɗauki kwafin farko a faifai, a kulle shi da kalmar sirri, a kai shi da mota. Daga nan abin da ya sauya kawai ake turawa. Megabayit 500 bai wuce minti bakwai ba.

A kula, madubi ba ajiya ba ne. Idan ɓarayin intanet suka kulle fayilolinka suna neman fansa, ko ma'aikaci ya goge su bisa kuskure, kwafin da ke bin na asali sau da ƙafa kamar madubi zai kwashi ɓarnar nan take. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gari. A ƙara da ɗaya wanda ba ya jone da komai, kamar irin da aka liƙe bakin tukunyarsa da laka.

Abu na ƙarshe shi ne gwaji, kuma shi aka fi yi wa ƙyuya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabar manhaja ta sa gwaji ya yi araha: ana iya tayar da kwafin a keɓe, ba tare da an taɓa aikin yau ba, a duba agogo a ga ko lokacin farfaɗowa da aka yi alkawari gaskiya ne. A rubuta matakan a takarda: wa ke da ikon cewa a koma wuri na biyu, wa ke riƙe da kalmomin sirri, wa zai maye gurbinsa in gada ta karye yana ƙetare. Kada takardar ta kwana a cikin sabar da ake shirin ceto.

Manomi kan ɗebi 'yan ƙwayoyin iri ya jiƙa kafin shuka, ya ga ko za su tsiro. Ma'aikatar da ke bakin Kwara ta sa wa nata gwajin rana a watan Mayu ko Yuni, tun hanya tana biyuwa. Agusta ba ya jiran kowa.