TSIRO A CIKIN BAKI: A SAN SHI, A KAI SHI LIKITA

Wani lokaci uwa takan buɗe bakin yaronta, sai ta ga wani ɗan tsiro a kan harshe, ko a leɓe, ko a ganɗa. Girmansa kamar ƙwayar dawa, ko kamar wake. Launinsa fari ko ja-ja. Ba ya ciwo. Manya ma suna samun sa. Wasu su ce sammu ne. Wasu su ruga wurin wanzami.

Mi ke kawo shi?

Sau da yawa, wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Ido ba ya ganin ta. Sunanta papiloma. Likitoci suna rubuta ta HPV. Iri-irinta sun fi 200, kowace da lambarta. Danginsu ɗaya, halinsu daban.

Lamba 6 da 11 su ne suka fi kawo ɗan tsiro guda mai kaushi. Lamba 2 da 4 suna kawo tusar jaki a hannu. In yaro yana tsotsar yatsa, sai ta bi shi zuwa baki. Lamba 13 da 32 suna kawo ƙuraje masu laushi da yawa a cikin leɓen yara. A shekarar 1965 wasu likitocin Amurka suka bayyana wannan iri. Yakan ɓace da kansa.

Ƙwayar tana shiga ta wurin ɗan rauni a fata. Ana ɗaukar ta in fata ta gogi fata. Tsakanin manya, ana ɗaukar ta wajen saduwa. Mai ciwon sida ya fi samun tsiron, don jikinsa ya rage ƙarfin kare kansa.

Sankara ce?

A'a. Irin wannan tsiro ba sankara ba ne, kuma da wuya ya zama sankara. Amma akwai wasu lambobi masu haɗari, musamman 16 da 18. Su ne ke kawo kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Lamba 16 tana kawo sankarar maƙogwaro. Sankarar baki kuma takan fara kamar ƙaramin abu. Don haka ba a yanke hukunci a gida. Likita ne zai duba ya bambanta.

Mi za a yi?

1. Kada a yanke tsiro da aska ko reza. Zai yi jini, ya rure. Askar da ta taɓa mutum da yawa tana yaɗa wasu cututtuka.
2. Kada a ƙona shi, kada a ɗaure shi da zare.
3. In tsiro ko miki ya kwana 14 bai tafi ba, a je gidan likita mafi kusa. Mutanen Badagishiri da Tajaye suna da asibitin Illela. Akwai na Birnin Ƙwanni, da na Galmi a ƙasar Malbaza. In aiki ya fi ƙarfinsu, su tura mutum Tawa ko Yamai.
4. In tsiro yana girma, ko yana jini, ko ya yi tauri, ko haɗiya ta yi wuya, a tafi ranar nan.
5. A bar taba, ta sha da ta tauna. A bar giya. Su biyu suna kawo sankarar baki.

Cire tsiron ƙaramin aiki ne. Likita zai yi allurar kashe zafi, ya cire shi. Yawanci ba ya dawowa.

Akwai rigakafi

Tun shekarar 2006 aka samu allurar rigakafin papiloma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun fara yin ta a shekarar 2023. Allurar ba ta warkar da tsiron da ya riga ya fito. Tana tsare yarinya daga sankara idan ta girma. Iyaye su tambayi ma'aikatan likita labarinta.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Iyaye mata su riƙa duba bakin yara da hasken rana. Rigakafi ya fi magani.