Ciwon madaciya a jikin kyanwa: musabbabi, alamu da magani

Madaciya 'yar jaka ce da ke manne da hanta, wadda ke tara ruwan ɗacin da hanta ke samarwa, sannan ta tura shi ta wani siririn bututu zuwa ƙaramin hanji domin narkar da kitse. Idan bututun ya kumbura ko ya toshe, ruwan yakan koma cikin jini, hantar kuma ta fara lalacewa.

A jikin kyanwa, wannan bututu yana haɗuwa da na fankiriyas kafin su shiga hanji ta ƙofa ɗaya. Shi ya sa kumburin hanji ko na fankiriyas kan zo tare da na madaciya, ƙwayoyin cuta irin su E. coli kuma su samu hanyar hawa daga hanji. Wani nau'in kumburin yana ɗaukar watanni yana ci a hankali, ana kuma danganta shi da garkuwar jiki. Tsakuwar madaciya ba ta yawaita a kyanwa ba, amma takan toshe bututun.

A ƙasashe masu zafi, ciki har da Najeriya, akwai wata tsutsar hanta mai suna Platynosomum da kyanwa ke ɗauka idan ta ci ƙadangare ko tsaka, tsutsar kuma ta zauna a cikin bututun madaciya.

Alamun ciwon sun haɗa da ƙin cin abinci, amai, zazzaɓi, kasala da rama. Babbar alama ita ce shawara: farin ido, dasashi da cikin kunne su koma ruwan ɗorawa. Ƙin abinci kansa haɗari ne, domin kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse kan taru a hantarta.

Likitan dabbobi yana tabbatar da ciwon ta gwajin jini, gwajin kashi da hoton ciki. Maganin ya danganta da musabbabi: ƙwayoyin cuta na buƙatar makonni ana shan magani, tsutsa ana kashe ta da praziquantel, toshewa kuwa kan kai ga tiyata.

Kada a ba kyanwa farasitamol ko da kaɗan ne, domin guba ne a jikinta. Duk kyanwar da ta kwana biyu ba ta taɓa abinci ba, ko idonta ya sauya launi, a gaggauta kai ta asibitin dabbobi.