Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda Ake Gane Abin da Ya Mamaye Ƙaramin Tankin Murjani

Murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya ƙashi ne na wata ƙaramar dabbar teku. Jan da aka sani a ƙasar Hausa daga Bahar Rum fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi, amma da yawa daga danginsa suna zaune ne a tekuna masu ɗumi, inda suke gina tuddai a ƙarƙashin ruwa, irin waɗanda ke Bahar Maliya daura da Bur Sudan da Jidda. A Jamus da Amurka da Japan da wasu ƙasashe akwai masu kiwon waɗannan dabbobi da ransu cikin tankunan gilashi a ɗakunansu. Wani tankin ma bai wuce lita 40 ba, watau kamar jarka biyu ta mai garuwa.

Mai irin wannan tanki yakan kwanta ya bar yashi fari tas, gari ya waye ya tarar da shi ya yi launin tsatsa, ko wani jan yauƙi ya lulluɓe duwatsu, ko kuwa ruwan duka ya yi fari kamar an zuba madara, murjanin kuma ya tsuke ya ƙi buɗewa. A nan ne mafi yawan masu kiwo ke yin kuskure, domin sukan kira duk abin da suka gani gansakuka, su garzaya neman magani. Alhali halittu iri biyar ne aƙalla ke kawo wannan mamaya, kuma matakin da ke kashe wata daga cikinsu shi ne ke buɗe wa wata ƙofa.

Dalilin da gansakuka ke rinjayar murjani

A cikin tsokar murjanin tekuna masu ɗumi akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya, waɗanda ke haɗa sukari da hasken rana su ciyar da shi. Saboda haka yana iya rayuwa a ruwa garau wanda takin naitret da fosfet ya yi ƙaranci ƙwarai a cikinsa. Sai dai girmansa na tafiyar hawainiya ne: mai dunƙulallen jiki ƙarin kimanin santimita 1 yake yi a shekara, gansakuka kuwa cikin kwanaki take ninkawa. Abu biyu ne ke taka mata birki a teku, watau ƙarancin taki da yawan dabbobin da ke kiwonta.

An ga abin da rashin kowannensu ke jawowa. A mashigin tekun Kaneohe na Hawayi an shafe shekaru ana zuba ruwan bahaya na gari, sai wata koriyar gansakuka mai suna Dictyosphaeria cavernosa ta hau kan murjani ta danne shi. Da aka karkatar da magudanar a 1977 da 1978, cikin 'yan shekaru ta ja baya, murjani ya fara farfaɗowa. A Jamaika kuwa wata annoba ce ta kashe kusan duk bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi a 1983 da 1984, bayan an riga an kame kifayen da ke cin ciyawar ruwa, guguwa kuma ta kakkarya tuddan a 1980. Binciken da Terry Hughes ya buga a 1994 ya nuna filin da murjani ya rufe ya sauko daga fiye da kashi 50 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 5, na gansakuka ya tashi daga kashi 4 zuwa 92.

Abin da ya ɗauki shekaru a teku, mako guda ya ishe shi a lita 40. Kifi yana fitar da amoniya, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke manne a jikin duwatsu su mayar da ita naitrait, wasu su mayar da naitrait naitret, aikin da Sergei Winogradsky ya bayyana tun 1890. Fosfet kuwa da abinci yake shigowa. Dodon koɗi guda da ya mutu a bayan dutse zai gurɓata lita 40 ninki goma na yadda zai gurɓata lita 400. Haka ma gishiri: ruwan teku yana ɗauke da giram 35 a kowace lita, in lita 2 suka ƙafe ba a cike gurbinsu da ruwan daɗi ba, gishirin ya kusa giram 37 ke nan, domin shi ba ya bin tururi.

Farin ruwa

Wannan shi ne ba ya jira. Idan ruwa ya yi fari cikin dare ɗaya, a ɗebi kofi biyu na gilashi. Na farko a ajiye shi: in ƙurar yashi ce za ta kwanta. Na biyu a ɗiga masa ruwan khal: in alli ne ya fita daga ruwan saboda an cika zuba sinadaran ƙarfafa ƙashin murjani, nan take zai washe. In kuwa bai kwanta ba, bai kuma washe ba, to ƙwayoyin bakteriya masu cin ruɓaɓɓen abu ne suka yi ambaliya. Ƙwayar da ke rabuwa biyu kowace sa'a, a kwana ɗaya ta haura miliyan 16. Abin da ke tayar da su shi ne abinci mai yawa, ko mushen wata dabba, ko sukari da ruwan khal da wasu ke zubawa da gangan don rage naitret.

Su kansu galibi ba sa sa wa kifi cuta. Illarsu ita ce shanye iskar oksijin. Ruwan teku mai zafin digiri 25 bai iya riƙe fiye da kimanin miligiram 7 na oksijin a lita ba, ƙasa da ruwan daɗi da ke riƙe sama da 8. Da dare, sa'ad da fitila ta mutu, babu mai samar da iskar sai masu shaƙa, shi ya sa asarar takan faru gab da asuba. Alamar ita ce kifi ya taso sama yana haki. Sai a juya bakin famfo ya riƙa karkaɗa saman ruwa, a sa na'urar busa iska, a daina ba da abinci, a nemo mushen a fitar. Da abincinsu ya ƙare, cikin kwanaki kaɗan ruwan zai washe.

Launin tsatsa iri biyu

Ƙura mai launin tsatsa da ke bayyana a makonnin farko na sabon tanki, wadda in an hura mata ruwa take tashi kamar gari, dayatom ce. Ƙananan tsirrai ne da ke gina wa kansu kwanso da silika, sinadarin gilashi. Sabon yashi da ruwan famfo ne ke kawo musu shi, in ya ƙare sai su tafi. Ba su da wata illa, dodon koɗi ma yana cinsu. In sun ɓulla a tsohon tanki, a duba na'urar tace ruwa, wataƙila ta gaji.

Matsalar ita ce akwai wata halitta mai irin wannan launi wadda ba a wasa da ita, watau dainofilajilet. Abin mamaki, 'yan uwa ne na jini ga tsirran nan da ke ciyar da murjani daga ciki. Suna yin zare-zare mai yauƙi kamar majina, da ƙananan kumfa a maƙale a ƙarshensa. Da safe sukan ragu ko su ɓace, da fitila ta yi 'yan sa'o'i sai su dawo. Dodon koɗin da ya ci wasu irinsu yakan yi sanyi, ya faɗo daga gilashi, ya mutu, domin suna da dafi. Kuma dafin bai tsaya ga dabbobin ruwa ba. A watan Yuli na 2005, kimanin mutum 200 suka je asibiti a birnin Jenowa na Italiya da zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi, bayan sun shaƙi feshin teku a lokacin da wani iri mai suna Ostreopsis ya yi ambaliya a gaɓar.

Akwai gwaji mai sauƙi. A zuƙo yauƙin da ruwansa cikin kwalba, a girgiza har ya watse, a tace da takarda mai laushi, a ajiye tataccen ruwan a gaban haske. Dainofilajilet suna da bulala biyu da suke iyo da su, don haka za su ratsa takardar, cikin sa'a ɗaya ko biyu su sake haɗuwa su yi zare. Dayatom ba sa yin haka. Amma hukunci na ƙarshe na madubin ƙara girma ne, ko da irin na ɗakin gwajin makarantar sakandare mai ninka abu sau 100 zuwa 400. Dayatom kamar ƙananan kwale-kwale suke, suna sulalewa a hankali. Ostreopsis kamar ƙwayar riɗi yake, yana juyi a wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Sanin irin yana da amfani, domin Ostreopsis yakan saki duwatsu ya shiga ruwa da dare, saboda haka fitilar ultrabayolet da ruwa ke bi ta cikinta tana kashe shi. Wani irin Amphidinium kuwa cikin yashi yake lafewa, fitilar ba ta same shi.

Jan yauƙi da koren gashi

Jan shimfiɗa mai launin zoɓo, wadda ke ɓarewa kamar fatar madara in an ɗaga ta, ba gansakuka ba ce ko kaɗan. Sayanobakteriya ce, watau bakteriya mai haɗa abinci da haske. Kakanninta ne suka cika sararin duniya da oksijin kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce, kuma 'yar uwarta ce matan Kanembu ke kwasa a tafkunan yankin Chadi su shanya su yi dihe na miya. A tanki tana son lungun da ruwa ba ya motsi, inda datti ke taruwa. A madubi zare ne siriri mai kaɗawa a hankali. Maganinta zuƙewa da tiyo, da ƙara gudun ruwa, da rage abinci. Akwai masu zuba maganin kashe bakteriya irin su eritromaisin. Yana kashe ta, amma mushenta yana shan oksijin, kuma tunda dattin yana nan, ko dai ta dawo ko dainofilajilet su gaje filin.

Koren gashi mai kama dutse gam, wanda sai an tsige da hannu, shi ne gansakuka ta ainihi, kuma labarinta shi ne na Kaneohe da Jamaika: taki ya yi yawa, masu kiwo sun yi kaɗan. Taɓa murjani ma kaɗai da take yi ya isa. A 2006 Jennifer Smith da abokan aikinta suka ajiye murjani da gansakuka kusa da juna, da matata a tsakani. Sukarin da gansakukar ke fitarwa ya ciyar da bakteriyar da ke jikin murjanin, suka shanye oksijin, tsokarsa ta mutu. Inda aka sa maganin kashe bakteriya kuwa, murjanin ya rayu.

Tarkon sifiri

Sau da yawa mai tanki yakan auna naitret da fosfet ya ga sifiri, ga kuma koren gashi ya cika ko'ina, sai ya ce ma'aunin ya lalace. Ma'aunin abin da ya rage a ruwa yake aunawa. Gansakukar tana tsotse takin da zarar ya fito, wani fosfet ɗin kuma yana manne a jikin duwatsu yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan har watanni. Sifiri tare da koren gashi yana nufin taki ya yi yawa.

Sifiri tare da zaren tsatsa kuwa akasin haka yake nufi. Masu kiwo sun lura cewa dainofilajilet sun fi ɓulla a tankin da aka tsabtace fiye da kima, inda yunwa ta kashe sauran ƙananan halittun da ke gasa da su. A nan ƙara canza ruwa da ƙara sinadarin tsotse fosfet tamkar ƙara wa wuta makamashi ne. Abin da ake yi shi ne a ƙara abinci, ko a ɗiga takin da awo, har naitret ya kai kamar miligiram 5 zuwa 10 a lita, fosfet kuma 0.03 zuwa 0.1, a sa gawayin tacewa don ya tsotse dafi, a rage sa'o'in fitila. Yakan ɗauki makonni, kuma tankin yakan yi muni da koriyar gansakuka kafin ya gyaru. Wannan koren alama ce ta cewa masu gasar sun dawo.

Shi ya sa tambayar da ta fi kowane ma'auni amfani ita ce: me aka canza cikin makonni biyun da suka wuce? Sabuwar fitila, sabon kifi, sabon gishiri, famfon da ya toshe, ko hasken taga da ya fara faɗowa kan gilashi da juyawar shekara. Wanda ke rubuta awonsa a littafi kowane mako yakan sami amsar a shafi ɗaya. In kuma za a gyara, a taɓa abu ɗaya a jira mako, don wanda ya canza abu biyar a yini ɗaya ba zai san wanne ya yi aiki ba, kuma murjani ya fi jure ɗan datti da bai canzawa a kan tsabtar da ta zo farat ɗaya.

Wani lokaci takaici kan sa mutum ya ciro duwatsun ya kankare ko ya zuba musu tafasasshen ruwa. Wannan yana da haɗari. Wani murjani mai laushi, Palythoa, yana ɗauke da falitoksin, dafin da aka fara warewa a Hawayi a 1971, wanda yake cikin mafi ƙarfi da aka sani a halittun teku. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutane a jihar Alaska da suka kamu da zazzaɓi da ciwon ƙirji da wahalar numfashi tsakanin 2012 da 2014, bayan mu'amala da irin wannan murjani a shaguna da gidaje. Duk dutsen da za a kankare, a sa safar hannu da tabarau, a yi aikin a cikin ruwa mai sanyi, a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da yara.